Shin ruwan gishiri yana cin yadin auduga?

A Sabon Garin Sakkwato, tsakanin teloli da masu wanki da guga da matan da ke sayen atamfa, maganar gishiri da yadi ta rabu gida biyu. Wasu na cewa kada a kuskura a jiƙa sabuwar atamfa a ruwan gishiri, domin cinye zaren yake yi. Wasu kuma sun rantse shi ne ke hana ta zuba. Akwai ma mai kafa hujja da cewa ai masana da gishiri suke narkar da auduga.

Gishirin miya ba ya narkar da auduga, ko na Bilma ne ko na Foga ko na kanti. Kusan kashi 90 cikin 100 na auduga wani sinadari ne da ake kira selulos, wanda Bafaranshe Anselme Payen ya gano a 1838. Ƙwayoyin sukari ne suka sarƙu suka zama dogayen zaruruwa, zaruruwan suka kwanta jikin juna suka manne ƙam kamar damin kara da aka ɗaure tamau. Ruwa yakan ratsa gefe-gefe ya kumbura audugar, amma ba ya iya kwance tsakiyar. Ƙara masa gishiri bai sauya komai. Lita guda ta ruwa ba ta ɗaukar fiye da giram 360 na gishiri, kuma ko an kai wannan iyakar, ruwan ya ishi ƙwayoyin gishirin su lulluɓu da shi, ba su da buƙatar taɓa zaren.

Mai cewa masana na narkar da auduga da gishiri bai yi ƙarya ba, sai dai ba wannan gishirin ba. A ilimin sinadarai dubban abubuwa ne ke amsa sunan gishiri. A 1857 Matthias Schweizer na birnin Zurik ya narkar da auduga a haɗin tagulla da amoniya. Zink kuloraid ma yana yi, idan an dama shi da kauri har ya kai wajen kashi biyu cikin uku na haɗin. A nan ruwan ne ya yi kaɗan, sai ƙwayoyin gishirin su koma su kama jikin zaren, su shiga tsakani, su raba abin da ya manne. Da an tsinka haɗin da ruwa, selulos ɗin zai sake daskarewa, kuma da wannan dabarar ake jan sabon zare. A 2002 Robin Rogers da abokan aikinsa a Jami'ar Alabama ta Amurka suka nuna cewa wasu gishiran da ke narkewa su zama ruwa-ruwa da ɗan zafi kaɗan suna yin aikin kai tsaye. Babu ɗaya cikin waɗannan a madafin kowa.

Batun kama launi kuwa rabinsa gaskiya ne. A masaƙa ana zuba gishiri mai yawa cikin ruwan rini domin ya tura launin cikin zaren. Amma a lokacin rinin ke nan. Atamfar da ta riga ta zo kasuwa, idan rininta bai kama ba, jiƙa ta a gishiri ba zai gyara ba. Launin da ke zuba a wankin farko galibi rara ce, da gishiri ko babu za ta fita.

Kanwa ma ana ɗora mata laifin da ba nata ba. Ganin yadda take nunar da wake da wuri ya sa ake zaton ɓawon take narkarwa. Abin da take sassautawa shi ne ɗankon da ke haɗa ƙwayoyin waken; selulos ɗin yana nan daram, shi ne dusar da ke taimakon hanji. Marinan Ƙofar Mata a Kano sun shekara ɗaruruwa suna tsoma zane a ruwan toka da baba, zanen bai narke ba. Soda mai ƙarfi ma, wadda John Mercer ya gwada a Ingila a 1844, kumbura zaren ta yi ta ƙara masa ƙwari da karɓar rini, kuma daga wannan binciken aka samo hanyar da ke ba shadda mai kyau sheƙinta.

Abin da ya fi damuna shi ne ana tsoron gishiri ana sake jiki da masu ɓarnar gaske. Ruwan batir da bilic ba sa tsayawa raba zaruruwan, tsinka su suke yi gutsi-gutsi. Dubi rigar mai cajin batir: ɗigon ya bushe ba a ga komai ba, sai an wanke a tarar da ƙananan huji a jere a gaban rigar, gefensu na marmashewa a yatsa. Farar shaddar da aka bari ta kwana a bilic kuwa, a gindin wuya da bakin aljihu take fara yagewa, tun ɗinkin bai tsufa ba.