Dambun masara da zogale don taro: wane aiki ake yi tun jajibiri, wane ake bari sai ranar?

A wannan fitowa za mu yi magana a kan abincin taro. A Bambeye da Tawa da sauran garuruwan Adar, taro ba ya ƙarewa. Yau suna, gobe biki, jibi gayya. Ga ciyayya ta maƙwabta, inda kowane gida yake kawo kwanonsa. Ga buɗa-baki na watan azumi. Ga kuma taron mako-mako na ƙungiyoyin mata, irin su Mata Masu Dubara, waɗanda aka soma kafawa a jihar Maraɗi a shekarar 1991.

Uwargida mai abincin mutane da yawa takan so ta rage aiki tun jajibiri. Wannan dabara ce mai kyau. Amma akwai aikin da ya halatta a yi tun da wuri, akwai kuma wanda in an yi shi da wuri yakan jawo ciwo. Ga ƙa'idar a taƙaice: abin da yake busasshe yana iya kwana, abin da aka dafa ko aka yanka ba ya kwana, sai a gidan da ke da firiji.

Me ya sa muka zaɓi dambu?

Dambu abinci ne mai auki. Yana da sauƙin ɗauka, ba ya zuba a hanya kamar miya. Kayan haɗinsa duka suna samuwa a kasuwanninmu. Idan aka haɗa shi da zogale da ƙuliƙuli da mai, ya zama cikakken abinci.

Masara tana ba da ƙarfi. Ƙuliƙuli yana gina jiki. Ganyen zogale yana da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, da bitamin A mai kare ido. Mai yana taimakon jiki ya amfana da wannan bitamin. Tumatir da lemun tsami kuwa suna taimakon jiki ya karɓi sinadarin ƙarfen.

Mun san cewa hatsi ne babban abincinmu a Adar, domin ruwan samanmu bai cika isar masara ba sai a fadama da garka. Wanda ba shi da masara ya yi da tsakin hatsi ko na dawa. Hanyar duk ɗaya ce.

A kudancin Amurka ma suna da wani abinci mai kama da wannan. Suna gasa burodin masara, su marmashe shi, su haɗa da wake da tumatir da albasa. Sukan haɗa shi tun dare, ya kwana cikin firiji, da safe su kai wurin taro. Sanyin firijin ne yake kare shi. Mu da yawancin gidajenmu na karkara ba su da firiji, dole mu bi wata hanya.

Me yake ɓata abinci?

Akwai ƙwayoyin cuta ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Suna nan a hannu, da ƙasa, da ruwa marar tsabta, da ƙafafun ƙuda. Abu uku suke so: abinci, da laima, da ɗumi. Dafaffen dambu da ya huce ya haɗa duka ukun.

Idan suka samu wurin da ya yi musu, ƙwaya ɗaya tana iya zama biyu cikin minti 20. Cikin awa ɗaya ta zama 8. Cikin awa biyu ta zama 64. Cikin awa bakwai ta wuce miliyan biyu. Ku duba tsawon lokacin da ke tsakanin isha'i da hantsi. Ku tuna kuma da zafin bazara a Tawa, inda ma'auni yakan wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu.

Wasu ƙwayoyin da ke cikin hatsi da masara da shinkafa ba sa mutuwa duka a wuta. Idan abincin ya huce sai su farfaɗo, su zuba guba a ciki. Wata gubar ko an sake ɗumama abincin ba ta gushewa. Sau da yawa kuma abincin ba ya wari, ɗanɗanonsa bai sauya ba. Don haka hanci da harshe ba su isa shaida ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙididdiga a shekarar 2015. Ta ce kowace shekara mutum miliyan 600 ne suke yin ciwo saboda gurɓataccen abinci, 420,000 kuma suna rasuwa. Daga cikin masu rasuwar, 125,000 yara ne da ba su kai shekara biyar ba. Shawarar hukumar ita ce: kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye, ba a kan wuta ba, ba a cikin firiji ba.

Kayan haɗi don mutum kamar 20

Tsakin masara, tiya 1.
Busasshen zogale, tiya 1.
Dakakken ƙuliƙuli, kwatar tiya.
Man gyaɗa, rabin lita.
Albasa manya 6.
Tumatir 10.
Tattasai 5.
Lemun tsami 4.
Yaji da gishiri mai iyodi, daidai buƙata.

Aikin kwana biyu ko uku kafin taro

1. A zuba masarar a faifai a tsince ta a fili, inda akwai haske. A fitar da duk ƙwayar da ta yi baƙi, ko kore, ko ta ruɓe, ko ƙwaro ya huda.
2. A surfa, a bakace, a wanke, a shanya a kan tabarma mai tsabta har ta bushe sarai.
3. A kai inji a ɓarza, ko a ɓarza a turmi. A tankaɗe da rariya, a raba gari da tsaki.
4. A sake baza tsakin ya sha iska. Kada a rufe shi da sauran laima.
5. A tsince zogalen, a fitar da itatuwa da tsakuwa.

Tsintar masara ba ƙaramin aiki ba ne. Masara da gyaɗa da suka yi funfuna suna iya ɗauke da wata guba mai suna afalatoksin. Wannan guba tana lalata hanta. Dahuwa ba ta kashe ta. A ƙasar Kenya, a shekarar 2004, mutum 125 suka rasu bayan sun ci masara mai wannan guba. Haka nan ƙuliƙuli: wanda ya yi ɗaci ko warin ruma, a bar shi.

Aikin jajibiri

1. A daka ƙuliƙuli da yaji, a zuba a kwano busasshe mai murfi.
2. A sayo albasa da tumatir da tattasai. A ajiye su ɗungum a inuwa. Kada a yanka.
3. A tanadi ruwa mai tsabta, da itace, da sabulu.
4. A wanke madambaci da tukunya da kwanoni da ludayi, a kife su a wuri mai tsayi.
5. A raba aiki: wace ce mai turara, wace ce mai yanka, wa zai ɗauka.

Ga dabarar hana tumatir da tattasai yin yaushi. A sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba. A cika tsakaninsu da rairayi, a jiƙa shi da ruwa. A zuba kayan cikin ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa inda iska take kaɗawa. Wani malami daga jihar Jigawa ta Nijeriya, Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa wannan dabara, har ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000. Amma a kula: sanyin wannan tukunya na ɗanyen kayan garka ne. Bai isa ya kare dafaffen abinci ba.

Idan an yi waɗannan ayyuka, mafi yawan wahala ta wuce. Abin da ya rage bai fi aikin awa biyu ba.

Aikin ranar taro

A fara da lissafi. Idan za a ci abinci bayan azahar, a ɗora tukunya da hantsi. Idan da safe za a ci, kamar ranar suna, a ɗora bayan sallar asuba.

1. A wanke hannu da ruwa da sabulu. Mai rauni a hannu, ko mai gudawa, kada ta taɓa abincin jama'a a ranar.
2. A wanke tsakin, a tsane shi a kwando.
3. A zuba shi a madambaci, a ɗora a kan tukunya mai tafasa. A naɗe mahaɗar da tsumma mai tsabta don kada tururi ya fita. A rufe, ya turara kamar rabin awa.
4. Kafin nan a wanke zogale, a dafa shi har ya yi laushi, a tsane. Kada a bar shi ya daɗe a wuta fiye da kima.
5. A juye tsakin a babban kwano, a warware shi da ludayi. A yayyafa ɗan ruwan gishiri. A zuba zogalen da rabin albasar, a gauraya.
6. A mayar cikin madambaci, ya sake turara har tsakin ya yi laushi, tururi yana fita ta ko'ina.
7. A soya man da ɗan albasa.
8. A wanke tumatir da tattasai da sauran albasa da ruwan famfo, ko ruwan da aka tafasa ya huce. A yanka da wuƙa mai tsabta. Wuƙar da aka yanka ɗanyen nama da ita, sai an wanke ta da sabulu.

Idan dambu ya nuna amma baƙi ba su iso ba, kada a sauke. A bar shi a madambaci, a rage wuta, tururi ya ci gaba da ratsa shi. Abinci mai zafi sosai ƙwayoyin cuta ba sa yaɗuwa a cikinsa.

Yadda za a kai shi wurin taro

A kai shi kashi uku. Dambu mai zafi a kula ko a tukunya mai murfi. Yankakken tumatir da albasa da tattasai a wani kwano. Ƙuliƙuli da mai kowanne a nasa mazubi. Sai jama'a sun zauna, an wanke hannu, sannan a haɗa, a matsa lemun tsami.

Wannan rabawa tana da amfani biyu. Tana kare lafiya. Tana kuma hana ruwan tumatir ya jiƙa dambun ya caɓe. Dambu mai daɗi shi ne wanda yake warwas.

A haɗa kaɗan-kaɗan, gwargwadon waɗanda suka zauna. A ɗebi na yara kafin a sa yaji. A rufe duk kwanon da ba a ci ba saboda ƙuda da ƙura. Wajen wanke hannu, a zuba wa kowa ruwa da buta. Kada mutum goma su tsoma hannu a kwano ɗaya.

Abin da ya rage fa? A raba wa maƙwabta da almajirai nan take, tun yana da kyau. Wanda ya riga ya wuni a ajiye, ba sadaka ba ne a ba wani shi. Gidan da ke da firiji yana iya sa ragowar a ciki kafin awa biyu su cika, a turara ta sosai kafin a ci.

Idan ciwo ya samu

Alamun su ne amai, da ciwon ciki, da gudawa. Wani lokaci sukan zo cikin ƴan awoyi, wani lokaci sai washegari. Babban haɗarin shi ne ƙarewar ruwan jiki, musamman ga yara da tsofaffi da mata masu ciki.

A jiƙa fakiti ɗaya na gishirin gudawa, wanda ake samu a gidan likita, cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. A riƙa ba marar lafiya kaɗan-kaɗan. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono. Ga yara, ma'aikatan lafiya suna ƙarawa da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14.

A gaggauta zuwa gidan likita idan an ga ɗayan waɗannan: jini a bayan gida, amai ba tsayawa, zazzaɓi, idanu sun faɗa, yaro ya kasa sha ko ya yi lis. Idan mutane da yawa suka kwanta bayan taro ɗaya, a sanar da likita ba tare da jinkiri ba. Ɓoyewa don kunya ba ta da amfani.

Shawara ga manoma

Abinci mai kyau daga gona yake farawa. A bar masara da gyaɗa su bushe sarai kafin a kai rumbu. Kada a shanya su a ƙasa tsirara. Buhunan da ke ɗaki a ɗora su a kan itace, nesa da bango.

Tun bayan farin shekarar 1984 noman rani ya bunƙasa a ƙasarmu. Albasar Galmi ta yi suna har ƙasashen waje. Duk mai garka ya ware gefe ɗaya ya shuka zogale. Yana fita daga iri, yana fita daga reshe, yana kuma jure fari. Idan ya yi tsawo a datse kansa, sai ya yi rassa da ganye mai yawa. A shanya ganyen a inuwa, domin rana tana rage masa amfani. Kada a zuba ɗanyen taki ko ruwan kwata a kan kayan da ake ci ɗanye. Wanda ya fesa maganin ƙwari kuwa, ya jira kwanakin da malamin gona ya faɗa kafin ya tsinka.

Mu riƙe waɗannan

Busasshen kaya a shirya tun da wuri.
Dahuwa da yanka sai ranar taro.
Dambu ya zauna da zafinsa har lokacin ci.
Ba a haɗawa sai jama'a sun zauna.
Dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Muna roƙon duk wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa matan gidansu da maƙwabta waɗanda ba su shiga ajin yaƙi da jahilci ba tukuna. Allah ya ba mu lafiya, ya sa taronmu ya tashi lafiya.