Dannar Ƙirji: Mai Ceto Ma Yana Gajiya

Yau zancen dannar ƙirji ne, agajin da ake yi wa wanda zuciyarsa ta tsaya cak, amma mai dannawar za mu sa wa ido.

Ƙa'ida ita ce danna 100 zuwa 120 a minti ɗaya, kowace ta nutsa santimita 5 zuwa 6 a ƙirjin babban mutum. Kafin minti biyu su cika an yi 200 ke nan. Wanda ya fito bai karya kumallo ba, zai ji a jikinsa.

Masana sun lura cewa dannar kan fara yin sanyi bayan kamar minti ɗaya, alhali mai yin ta yana rantsuwa ko gezau bai yi ba. Baki na cika baki, hannu na tona asiri.

Shi ya sa ake karɓa-karɓa duk bayan minti 2, kuma canjin hannun kada ya wuce daƙiƙa 5. Ba nan ake "Bismillah Alhaji, ai kai ne babba" ba.

Ana durƙusawa ne dab da mutum, a ɗora gindin tafin hannu a tsakiyar ƙirji, a miƙe hannuwa sambal, kafaɗu na saitin hannun, sai nauyin jiki ya sauko daga ƙugu. Siririn yaron da ya iya tsayuwar nan zai riga ƙaton ɗan dambe kai labari. Ƙwanji dai a bar shi a fage.

Katifa mai laushi takan shanye wani ɓangare na dannar, ka yi ta gumi ita ce ke lotsawa. Tabarma a kan siminti ta fi katifar amarya aiki a wannan rana. Uwar ɗaki ta yi haƙuri.

Gajiyayye yakan jingina da ƙirjin bai sani ba, alhali sai ƙirjin ya dawo daidai bayan kowace danna zuciya ke sake cika da jini. Mai son hutu ya nemi inuwa.

A asibiti, idan gado ya yi wa ma'aikacin jinya tsawo, akan sauke gadon ko a ba shi abin takawa don kafaɗunsa su hau saitin ƙirjin. Gajere ma da ranarsa, in ya samu kujera 'yar tsugunno.

A zafin Maris da Afrilu na Kontagora, babbar riga da taron 'yan kallo sun isa su gajiyar da mai ceto tun bai yi nisa ba. A naɗe riga, a ɗaure mayafi a ƙugu, 'yan kallo kuma su ja baya ko su shiga layi. Kallo kyauta ne, amma ba ya tada kowa.

Haƙarƙari kan iya tsagewa ana cikin dannawa, musamman a jikin tsofaffi, kuma ba a tsayawa saboda haka. Ɗori sai mai rai.

Ko ƙwararre ne ke yi, jinin da dannar ke turawa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na aikin zuciya ba, sai dai ƙwaƙwalwa kan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6 in babu shi. Da babu gara ba daɗi.

Mu a nan, mutum na faɗuwa sai yayyafa ruwa, fifita da albasa a hanci. Mai suma yana numfashi ba ya buƙatar danna, wanda ba ya motsi ba ya numfashi kuwa albasa ba ta tada shi. A bar wa miya kayanta.

Jariri manyan yatsu biyu sun ishe shi, zurfin kamar santimita 4. Ƙato, a yi a hankali.

Dabarar dannar ƙirji a 1960 ta fito fili, daga birnin Baltimo na Amurka. Ashe sa'ar 'yancin kan Nijeriya ce.

To, direbobin hanyar Yawuri da Tegina, 'yan acaɓa da 'yan kasuwa, ku nemi ma'aikacin lafiya ya koya muku, kuma ku tafi ku biyu-biyu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.