Gajerun Wasannin Tsalle-Tsalle na Kwamfuta: Farin Jininsu da Rigimar Farashinsu

Daga cikin sana'o'in da zamani ya haifar akwai wadda har yanzu masu ilmi da dama ke yi wa kallon shiriritar yara, watau sana'ar ƙera wasannin kwamfuta, alhali kuwa kuɗin da ke shiga cikinta a kowace shekara ya zarce abin da gidajen silima na duniya baki ɗaya ke samu. Wannan maƙala za ta tsaya ne a kan reshe ɗaya ƙarami na sana'ar, shi ne gajerun wasannin tsalle-tsalle waɗanda masu zaman kansu ke ƙerawa.

Ya kamata a fara da fayyace kalmomin. Wasan tsalle-tsalle shi ne wanda mai wasa ke sarrafa wani ɗan taliki a fuskar allo, yana sa shi gudu, yana sa shi tsallakawa daga wannan dandamali zuwa wancan, yana kauce wa ramuka da ƙayoyi da abokan gaba har ya kai ƙarshen zango. Masu zaman kansu kuwa su ne mutum ɗaya, ko biyu, ko wata 'yar ƙungiya, da ke yin aikin ba da jarin wani babban kamfani ba. Shi kuma gajere, a ma'aunin wannan sana'a, shi ne wanda za a iya kai ƙarshensa cikin awa biyu zuwa shida, a lokacin da manyan kamfanoni ke fitar da wasannin da ke cin awa hamsin ko ɗari. Abin tambaya a nan shi ne: mene ne ke sa baligi mai hankali ya ba da kuɗinsa ya sayi wasan da zai ƙare a yammaci guda, wanda kuma zai kayar da shi sau ɗaruruwa kafin ya ƙare? Sa'an nan me ya sa mutanen da ke yabon irin wannan wasa su ne kuma ke ƙorafi a kan farashinsa?

Asalin salon na manyan kamfanoni ne. Kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fitar da Donkey Kong a 1981, ya biyo da Super Mario Bros. a 1985, dukansu kuwa da hannun Shigeru Miyamoto a ciki. Har tsakiyar shekarun 1990 babu salon da ya kai wannan kasuwa. Da Super Mario 64 ya fito a 1996 da hoto mai zurfi, wanda ɗan talikin ke iya kutsawa ciki ya juya ko'ina, sai manyan kamfanoni suka karkata can, aka bar tsohon salo na gudu daga hagu zuwa dama galibi ga ƙananan na'urorin hannu. Wannan kufai da manya suka tashi suka bari shi ne ƙanana suka zo suka kafa bukkokinsu a ciki. Wani Bajapane mai suna Daisuke Amaya ya shafe shekara biyar yana ƙera wasa shi kaɗai a lokutan hutunsa, zane da kiɗa da labari duk nasa, ya sake shi kyauta a intanet a ƙarshen 2004 da sunan Cave Story. Mutane da yawa a nan suka fara gane cewa mutum ɗaya a ɗakinsa yana iya yin abin da a da sai kamfani. Bayan haka kantunan intanet irin su Steam da Xbox Live Arcade suka kawar da bukatar buga faifai da kai shi shaguna, wasan Braid na Jonathan Blow ya yi kasuwa a 2008, ƙofa ta buɗe.

Arahar faɗuwa

Babban abin da waɗannan maƙera suka sauya shi ne hukuncin faɗuwa, kuma a nan ne mafi yawan farin jinin wasanninsu yake. A zamanin Donkey Kong ana buga wasa ne a kan manyan akwatuna a wuraren shaƙatawa, ana jefa musu sulalla. Mai akwati yana so mai wasa ya mutu da wuri don ya sake jefa kuɗi, saboda haka aka ba ɗan talikin rayuka ƙidayayyu, in sun ƙare a koma farko. Da wasanni suka shigo gidaje, babu sauran sulen da za a jefa, amma al'adar ƙidayar rayuka ta zauna shekara da shekaru, kamar harajin da aka manta dalilin sa shi.

A 2010 Edmund McMillen da Tommy Refenes, Amurkawa biyu, suka fitar da Super Meat Boy, suka watsar da wannan al'ada ɗungum. Wasan yana da zanguna fiye da 300, cike da zarto masu juyawa, taɓawa ɗaya mutuwa ce. Amma zango guda galibi bai kai minti ɗaya ba, rayuka ba su da iyaka, kuma kafin mai wasa ya gama tsaki an riga an mayar da shi bakin zango. Abin da ya yi asara bai wuce daƙiƙa goma ko ashirin ba. Sa'ad da ya ci nasara, sai wasan ya nuna masa dukan yunƙurin da ya yi a lokaci guda: 'yan talikai da yawa su tashi tare, suna ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya a wuraren da ya yi kuskure, guda ɗaya tak ya isa. Wannan dabara ce ta malami gwani, domin ta mayar da kurakuran ɗalibi shaidar ci gabansa. Zuwa farkon 2012 an sayar da wasan fiye da kwafi miliyan ɗaya.

A cikin wannan shekara ta 2010 ne kuma Terry Cavanagh, mutumin ƙasar Ailan, ya fitar da VVVVVV, wasan tsalle-tsalle wanda babu tsalle a cikinsa. Madanni ɗaya ne ke juya ƙarfin da ke jan abu ƙasa, ɗan talikin ya faɗa sama ya tsaya a kan rufi, a sake dannawa ya dawo. Kusan a kowane ɗaki akwai tashar da ake komawa in an mutu. Da wannan ƙa'ida guda ɗaya aka gina wasan duka.

Wanda ya kai wannan tunani maƙura shi ne Celeste, na Maddy Thorson da Noel Berry da abokan aikinsu, wanda ya fito daga Kanada a farkon 2018. Labarin wata yarinya ce, Madeline, da ta ƙudura hawa wani dutse alhali tana fama da fargaba da damuwar zuciya. Wasan yana ƙirga mutuwar mai wasa, kuma ba abin mamaki ba ne ta haura dubu kafin a kai ƙololuwa. Sai dai a ɓoye maƙeran suna goyon bayan mai wasa. Thorson ta yi bayanin wasu daga cikin dabarun a 2020: idan ƙafar Madeline ta bar bakin dandamali, akwai ɗan ƙanƙanin lokaci da har yanzu za a karɓi tsalle, idan aka danna madanni kafin ta dira, wasan yakan riƙe umurnin ya zartar da shi da zarar ta taɓa ƙasa, idan kanta ya bugi kusurwar bango da kaɗan, akan ɗan gusar da ita ta wuce. Mai wasa ba ya ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da yake ji kurum shi ne wasan yana fahimtar nufinsa, in kuma ya faɗi, ya san laifin yatsunsa ne. Mutum yakan jure wa wuya matuƙar ya tabbata ba a zalunce shi ba. Har ila yau an sa wani tsari na taimako, inda wanda ya gaza zai iya rage saurin wasan ko ya hana Madeline mutuwa. Wasu 'yan gani-kashe-ni sun ce wannan ya zubar da darajar hawan dutsen, amma hujjarsu ba ta da ƙarfi, tun da yake ba a tilasta wa kowa amfani da shi ba, ya kuma shigo da naƙasassu da waɗanda da can ba su da rabo a wannan salo.

Gajarta kuwa ta samo asali ne daga ƙarancin hannuwa. Mutum biyu ba za su iya cika awa sittin da abu mai kyau ba, don haka sukan ɗauki dabara ɗaya su tatse ta, in ta ƙare su tsaya. Da yawa daga cikin wasannin ma a gasar ƙira ta 'yan kwanaki aka haife su, irin Ludum Dare da aka fara a 2002, inda ake ba mutum awa 48 ya ƙera wasa daga farko har ƙarshe. Shi kansa Celeste ya fara ne a matsayin ɗan wasa mai zango 30 da aka yi cikin kwana huɗu a 2015. A wannan shekara Ojiro Fumoto, wanda ya karanci waƙar opera a Tokyo kafin ya juya ga wannan sana'a, ya fitar da Downwell: yaro ne ke faɗawa rijiya, da bindigogi a takalmansa, harbin da zai kashe dodo shi ne kuma ke rage masa saurin faɗuwa. Launi uku ne a allon, farashinsa dala uku. Ga ma'aikacin da ya dawo gida bayan la'asar, da iyali na jiransa, wasan da za a iya ɗauka minti goma a ajiye, a kuma ga ƙarshensa cikin mako guda, ya fi wanda zai kwana wata uku ba a gama ba. Yaran da suka buga Mario a shekarun 1980 su ne magidantan 2010, kuɗi ya ƙaru a aljihunsu, lokaci ya ragu.

Ga wanda ya kamu da son wasan kuma, ƙarshen labari ba shi ne ƙarshen wasa ba. Akwai masu tseren kammalawa, waɗanda ke maimaita wasa ɗaya sau dubbai don su rage daƙiƙa. Celeste da sabon shiga zai kwashe wajen awa takwas ko fiye a kai, gwanayensu suna gama shi cikin ƙasa da rabin awa, kuma tun 2010 taron Games Done Quick ke nuna irin wannan gwaninta yana tara kuɗin agaji.

Yabo a baki, ciniki a kasuwa

Ta fuskar masu sharhi, waɗannan wasanni sun sami karɓuwa ƙwarai. Fim ɗin Indie Game: The Movie na 2012 ya nuna wa duniya wahalar da McMillen da Refenes suka sha. Celeste ya ci kyautar wasan masu zaman kansu a bikin The Game Awards na 2018, an kuma sa shi cikin masu takarar gwarzon wasan shekara, kafaɗa da kafaɗa da wasannin da ɗaruruwan ma'aikata suka ƙera. Kafin shekarar ta ƙare ya sayar da kwafi fiye da 500,000.

Ta fuskar masu saye kuwa maganar ta fi sarƙaƙiya, domin an daɗe da sabawa da auna wasa kamar yadda ake auna hatsi, watau awa nawa za a samu a kowace dala. Limbo, wanda kamfanin Playdead na ƙasar Denmak ya fitar a 2010, ya sha yabo saboda hotonsa na baƙi da fari da tsoron da yake sa wa zuciya, amma kusan duk inda aka yabe shi sai an ƙara da cewa dala 15 ta yi yawa ga wasan 'yan awoyi. VVVVVV ma da dala 15 ya fara, aka yi ta gunaguni, da ya shiga Steam bayan 'yan watanni sai ya koma dala biyar. Abin ya ƙara tsananta da Hollow Knight ya fito daga Ostareliya a 2017, a kan dala 15 shi ma, yana ba da awoyi gommai na wasa mai inganci. Maƙeransa ba su yi laifi ba, amma duk wanda ya zo da wasan awa uku bayansu sai an ɗora shi a kan wannan sikeli. Ma'aunin kuwa gurgu ne. Ba a sayen littafi don yawan shafukansa, kuma wasan da aka cusa wa maimaici don ya yi tsawo lokacin mai wasa yake ci, wanda ya fi kuɗinsa tsada.

A watan Yuni na 2015 kamfanin Valve, mai kantin Steam, ya kafa ƙa'idar mayar da kuɗi: duk wanda ya sayi wasa, bai wuce kwana 14 ba, bai kuma buga shi fiye da awa biyu ba, yana iya karɓar kuɗinsa. Ƙa'ida ce mai kyau ga mai saye, domin ta kare shi daga wasannin da ba sa aiki da tallan ƙarya. Amma awa biyu ga wasan awa sittin ɗanɗano ne, ga wasan minti casa'in kuwa cin tuwo ne har da suɗe kwano, a kuma ce a mayar da kuɗi. A 2021 mai wani gajeren wasan ban tsoro, Summer of '58, ya ba da sanarwar zai dakatar da sana'ar, yana cewa mutane suna gama wasansa, suna yabonsa, sa'an nan suna karɓe kuɗinsu. Wasansa ba na tsalle-tsalle ba ne, amma ramin da ya faɗa yana gaban kowane mai gajeren wasa.

Sai kuma cunkoso. Tun 2017 duk mai dala 100 yana iya sa wasansa a Steam, kuma a 2023 kaɗai wasanni fiye da 14,000 suka shiga kantin. Daga abin da aka sayar, kanti yakan ɗebi kashi 30 cikin ɗari. Tsalle-tsalle salo ne da masu koyo da yawa ke farawa da shi saboda sauƙin kayan aikinsa, saboda haka layinsa a cike yake. Sunayen da aka ambata a wannan maƙala na waɗanda suka haye ne. A bayan kowane ɗaya akwai ɗimbin wasanni, wasunsu masu kyau, da ba su mayar wa masu su ko kuɗin wutar lantarki ba. Shi ya sa maƙera da yawa ke kai gajerun ayyukansu kantin itch.io, wanda aka buɗe a 2013, inda mai wasa ke yanke wa kansa farashi, ko ya bar mai saye ya biya abin da ya ga dama.

Maƙerin da ya gama wasa mai kyau na minti casa'in yana da zaɓi uku a gabansa, babu mai daɗi a ciki. Ko ya karya farashi har aikin shekara biyu ya koma kuɗin kofin shayi, ko ya ƙara zanguna marasa amfani don ya tsallake shingen awa biyu, ya ɓata abin da ya sa wasan ya yi kyau tun farko, ko kuwa ya sake shi yadda yake, ya zuba ido ya ga mutum nawa ne cikin waɗanda suka kai ƙarshe za su bar masa kuɗinsa.