Taswirar intanet: Abubuwan da ya kamata ka sani

Direban da ya buɗe Google Maps yana neman hanyar da ba cunkoso, da jami'in lafiya mai tsara rabon rigakafi, da ma'aikacin ofishin filaye da ke duba ko an taɓa bai wa wani wannan fulotin, duk abu ɗaya ne a hannunsu: tsarin bayanan ƙasa na kwamfuta, wanda aka fi sani da GIS. Aikinsa ya wuce nuna hanya. Da shi ake yanke inda za a kai magani, inda za a gina makaranta, da wanda za a ce shi ne mai fili.

Me ke bayan zanen?

Abin da kake gani a fuskar waya zane ne kawai, ainihin kayan suna cikin rumbun bayanai. Kowane abu ana ajiye shi ne a ɗaya daga cikin siffofi uku: ɗigo, ko layi, ko kewaye. Rijiya ɗigo ce, titi layi ne, gona kuwa kewaye. Kowannensu yana ɗauke da lambobin da ke nuna wurinsa a doron ƙasa, tare da bayaninsa: sunan rijiyar, zurfinta, da ko tana ƙafewa da rani.

Ana jera bayanan falle-falle, kamar fararen ledoji da aka yi zane a kansu aka ɗora ɗaya kan ɗaya: fallen tituna daban, na asibitoci daban, na garuruwa daban. Idan aka haɗa su sai a iya yi wa kwamfuta tambaya, misali waɗanne ƙauyuka ne ke nesa da asibiti fiye da kilomita 5? Taswirar takarda ba ta amsa wannan.

Dabarar ta girmi kwamfuta. A 1854 likita John Snow ya sanya alamar gidajen da kwalara ta yi kisa a unguwar Soho ta Landan, sai ga su sun taru kewaye da famfon ruwa ɗaya a titin Broad. A shekarun 1960 ne Roger Tomlinson ya mayar da irin wannan aiki cikin kwamfuta domin ƙididdige filayen Kanada.

Yaya aka yi ta shigo aljihu?

A watan Mayun 2000 Amurka ta daina rage ingancin siginar GPS da gangan ga farar hula, kuskuren da kan kai mita 100 ya dawo 'yan mitoci. A Fabrairun 2005 kuma Google Maps ta fito da salon da kowa ya kwaikwaya: an yanyanka duniya ƙananan hotuna masu kusurwa huɗu, wayarka kuma gutsattsarin da kake kallo kaɗai take saukewa. Shi ya sa idan intanet ta yi rauni kake ganin taswirar tana cikowa gida-gida.

Shuɗin ɗigon nan da ke nuna inda kake, daga taurarin ɗan'adam yake, masu shawagi a nisan kilomita 20,000 da ɗoriya. Wayar ba ta aika musu komai, saurare kawai take yi. Tana auna lokacin da saƙon taurari huɗu ko fiye ya ɗauka kafin ya iso, ta lissafa wurinta, don haka ɗigon yana aiki ko babu data. Jan layi da koren layi na cunkoso kuwa daga wayoyin mutanen da ke kan titin ake tattaro su. Hoton sama da kake gani ma ba na yau ba ne. Yana iya zama na watanni ko shekarun baya.

Wa ke zana ta?

Kamfanoni da gwamnatoci, sai kuma 'yan sa-kai. A 2004 Steve Coast ya kafa OpenStreetMap a Birtaniya, taswirar da kowa zai iya gyarawa kuma ya ɗauka kyauta. Bayan girgizar ƙasar Haiti a Janairun 2010, mutane daga ƙasashe daban-daban suka zana titunan Port-au-Prince cikin 'yan kwanaki ta hanyar bin hotunan sama, masu aikin ceto suka yi amfani da su. Haka aka sake yi lokacin Ebola a Gini da Saliyo da Laberiya a 2014. Kayan aikin ma sun yi sauƙi: hotunan taurarin ɗan'adam na Landsat kyauta ne tun 2008, manhajar taswira ta QGIS ma kyauta ce.

Sai dai hoton sama rufin ɗaki yake nunawa, ba ya faɗin sunan gari, ba ya faɗin ko gadar nan tana wucuwa da damina. Wannan sai ɗan gari, kuma a nan ne taswirorin karkararmu suka fi rauni.

Darasin yaƙi da shan inna

A 2012 Najeriya ta samu yara 122 da suka kamu da shan inna, fiye da rabin na duniya baki ɗaya, kusan dukkansu a Arewa. An yi ta magana a kan iyayen da ke ƙin rigakafi, kuma akwai su. Amma akwai wata matsala da ba a cika ambata ba: masu ɗiga maganin suna aiki ne da taswirorin da aka zana da hannu a matakin mazaɓa. Idan mai zanen bai san da wata ruga ko 'yar unguwa a bayan rafi ba, to ba ta cikin tsarin aiki, babu wanda za a tura can. Garin da ke kan iyakar mazaɓu biyu kuma, kowane ɓangare sai ya ɗauka na ɗayan ne.

Sai aka koma ga hotunan tauraron ɗan'adam, aka bi su ana fitar da kowane matsuguni, aka tura ma'aikata su tabbatar da sunaye wurin masu unguwanni da dagatai. Ƙungiyar eHealth Africa mai cibiya a Kano tana cikin waɗanda suka yi aikin, da tallafin Gidauniyar Gates. Aka kuma riƙa bai wa tawagogin rigakafi wayoyi masu GPS da ke rubuta inda suka taka. Da yamma a ɗora sawunsu a kan taswirar garuruwa, duk inda ba a shiga ba ya fito fili, a koma washegari. A Borno, inda rikici ya hana shiga wasu yankuna, da hotunan sama aka riƙa kintatar ƙauyukan da har yanzu akwai mutane a ciki.

A Borno aka ga na ƙarshen masu ɗauke da ainihin nau'in ƙwayar cutar a Najeriya a 2016, sannan ranar 25 ga Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da shi. Ba taswira kaɗai ta yi wannan ba. Sarakuna da malamai da matan da suka bi gida-gida su ne ƙashin bayan aikin. Amma yaron da garinsa ba ya cikin rajista, ko iyayensa sun yarda da rigakafi babu mai zuwa ƙofarsu. Bayanan da aka tara sun zama tubalin shirin GRID3, wanda ke ajiye taswirar matsugunai da asibitoci da makarantu a intanet.

Batun filaye

Abuja ta kafa hukumar bayanan filaye ta AGIS a 2003, Kaduna na da KADGIS, Kano na da KANGIS, duk don a rage sayar da fuloti ɗaya ga mutum biyu da ɓatan fayil. Wannan ci gaba ne. Damuwata ita ce gonar gado da burtali da makiyaya, waɗanda kowa a gari ya san iyakarsu amma ba su da takarda. Idan ba a shigar da su ba, a fuskar kwamfuta fili ne da babu mai shi, kuma cikin sauƙi za a yanka wa wani. Ya kamata safiyo ya zauna da manoma da makiyaya kafin ya ja layi.

Ina haɗarin yake?

A Janairun 2018 aka gano cewa taswirar da manhajar motsa jiki ta Strava ta wallafa tana nuna fasalin sansanonin soja a Siriya da Afganistan, saboda sojoji suna gudu da na'urorinsu a kunne. Wayarka ma tana iya liƙa lambobin wuri a jikin hoton da ka ɗauka. A yankunan da ake fama da masu garkuwa da mutane, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shiga saitin wayarka ka duba manhajojin da ka bai wa izinin sanin inda kake, ka bar wa na taswira da na sufuri kawai a lokacin da kake amfani da su, sannan ka kashe wa kyamara.