Gemu da Gurumi: Abubuwan Mamaki Kan Manyan da Ke Koyon Kiɗa a Ƙungiya

Daga Bune zuwa Gure, daga Gure zuwa Damagaram, da wuya matafiyi ya ga allo a bakin hanya mai cewa ana koya wa manya kiɗa a nan. Amma manya suna koyo, kuma sun daɗe suna yi. Ajinsu shi ne bayan maigidan waƙa, ko tsakar gidan biki, ko ƙofar fada. Abin da na lura da shi kuwa, kusan babu mai koyo shi kaɗai.

Babban ɗalibin da ya fi kowa ba ni mamaki ɗan wannan yanki ne. Malam Maman Barka, Batube, an haife shi a Taskar, garin da ke ƙarƙashin Gure har zuwa 2011. Malamin lakwal ne, daga baya gurumi ya fitar da sunansa a Nijar da arewacin Najeriya. Mutum ya yi suna, ya haura shekara arba'in, ana saurarensa a rediyo, me kuma zai nema? Sai ga shi a 2002, da tallafin hukumar UNESCO, ya kama hanyar Tafkin Cadi ya durƙusa gaban wani dattijo mai suna Bukar Tar don ya koyi biram tun daga tushe. Biram abin kiɗan Buduma ne, masuntan tafkin: tsirkiya biyar, gangar jikinsa kamar kwalekwale, kuma masu shi suna girmama shi ƙwarai, ba kowa ke taɓa shi ba. A lokacin, Bukar Tar ake ɗauka a matsayin gwani na ƙarshe da ya rage. Samarin tafkin sun juya wa abin baya.

Da dattijon ya rasu, biram ɗin ya zauna a hannun Batube, mutumin rairayi, wanda ba a haife shi a bakin ruwa ba. Ko shi ma bai yawata da shi shi kaɗai ba, tare da makaɗi Umaru Adamu ya kai shi Turai, suka fitar da faifai a 2009. Barka ya yi waƙa da Buduma, da Hausa, da Tubanci, da Barbarci, da Zabarmanci. Ya rasu a Nuwamban 2018, Allah ya jiƙansa. Abin da ke damuna a labarin shi ne yadda kiɗan al'umma guda ya ƙanƙance har ya koma ƙirjin tsoho ɗaya. Duk kiɗan da ya rasa ƴan kallo masu sha'awar karɓa, haka yake ƙarewa.

Bahaushe ya raba makaɗa biyu, ɗan gado da ɗan haye. Na farko ya buɗe ido ya ga ganga rataye a ɗakin ubansa. Na biyu da girmansa ya shigo, sau da yawa dangi na fushi. To, mawaƙin da ya fi kowa suna a ƙasar Hausa, Alhaji Mamman Shata na Musawa, ɗan haye ne. Mahaifinsa bai so ba. Ya yi tallan goro da alewa kafin waƙa ta rinjaye shi, kuma a 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Shata ya shahara da ƙirƙirar waƙa nan take a gaban jama'a, don haka ƴan amshinsa da masu kalangunsa kullum a cikin jarrabawa suke: ya jefo amshi sau ɗaya, su cafe, su riƙe shi har ƙarshen waƙa.

Amshi shi ne makarantar. Sabon shiga yakan fara da ɗaukar kaya da tafi, sannan a bar shi ya sa baki cikin amshi inda muryoyin ƴan uwansa za su rufe kuskurensa. In ya goge sai ya fara ƙari, wato maigida ya ɗauko ɗan waƙa ya sake shi a tsakiya, yara su ƙarasa. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ta nan ya bi: ya daɗe a bayan yayansa Kurna kafin ya ja tasa ƙungiya, shi ma ƴaƴansa suka tsaya a bayansa. Ɗan Maraya Jos ne ya fita daban, daga shi sai kuntiginsa.

Kalangu ma ba ya son kaɗaici. Akwai babba mai magana, wanda makaɗi ke matse tsirkiyoyinsa a hammata don sauti ya hau ya sauka yadda muryar Hausa ke hawa da sauka. Akwai ɗan karɓi da kuntuku masu riƙe taki. Mai koyo a kan ƙananan yake shekaru, yana maimaita bugu guda, kafin a yarda ya sa babban a hammata. A da, kowace sana'a da kiɗanta: kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera, gangar noma ta ƴan gayya.

Ajin da ya fi kowane arha na mata ne. Kiɗan ƙwarya ba ya bukatar komai sai abin da ke cikin ɗaki: ƙore manya da ƙanana a kife, ɗaya a kife a kan ruwa cikin babban mazubi. Iskar da ke tsakanin ƙwaryar da ruwan ita ke ba da wannan amo mai kauri, kuma in an rage iskar ko an ƙara, sauti ya canza. Hajiya Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, tana matar aure ta fito da amada fili har ta kai shi manyan dandali, ita da ayarin mata. Kafin amada ma akwai lugude, inda mata biyu ko uku ke daka a turmi ɗaya, kowace taɓarya na sauka a gurbinta, wata ta cilla tata sama ta tafa ta cafe. Wadda ta kuskure taki nan take za ta ji a hannunta. Ban san darasin taki da ya fi wannan saurin gyara ɗalibi ba.

Bune tsohuwar mazaunin sarautar Muniyo ce kafin Gure ta karɓa, kuma matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya ratsa ƙasar a ƙarshen 1852 kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram. Inda sarauta take, nan algaita da ganga suke, musamman a ƙasar Mangawa da Barebari. Mai algaita yana iya jan sauti na tsawon lokaci ba tare da an ji ya tsaya shan iska ba. Ba asiri ba ne. Yana tara iska a kumatu, yana matso ta cikin algaitar a daidai lokacin da yake shaƙar sabuwa ta hanci. Masu koyon busa a ƙasashe da dama suna gwada wannan da siririn bututu a cikin kofin ruwa: in kumfa bai yanke ba alhali kana shaƙa, ka kama hanya. Babba mai haƙuri yana iya koya.

Kakaki kuma, duk tsawon nan nasa da ya zarce tsayin mutum, sautukan da yake bayarwa ba su da yawa. Daɗinsa sai an jeru, wannan ya ɗaga wancan ya amsa, har mai sauraro ya tsinci kirarin sarki a ciki. Tarihin Kano ya lissafa shi cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya shigo da su. A fadoji da yawa daren Juma'a ake busa shi a ƙofar sarki.

Akwai kuma rerawar da ba a kiranta waƙa, amma tarbiyyar murya ce sosai. A watan Mauludi, dattawa a zauruka da masallatai suna karanta Ishiriniya cikin jam'i, yabon Annabi (SAW) da Alfazazi, mutumin Andalus wanda ya rasu a 1230, ya tsara. Wanda bai iya ba yakan zauna kusa da wanda ya iya, ya bi karin har ya zauna masa. A Kano, mabiya Ƙadiriyya na gidan Shehu Nasiru Kabara suna haɗa zikiri da bandiri, manya da ƙanana, kowane da bugunsa. Mutane da yawa da furfurarsu suka fara riƙe shi.

A zamanin Janar Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, samariya ta zama wata babbar makarantar kiɗa da rawa a Nijar. Unguwa da ƙauye suna haɗa ƙungiya, a yi gasa daga ƙasa har zuwa bikin matasa na ƙasa baki ɗaya. Tela da manomi da malamin lakwal suna atisaye tare da dare. A 1987 aka fara gasar Ɗan Gurmu, mai ɗauke da sunan makaɗin nan na Tawa, kuma a 1989 aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai, inda aka tara kayan kiɗan gargajiya na ƙabilun ƙasar. Cibiyar ta yi aiki, ƙungiya irin Mamar Kassey ta Yakuba Mumuni daga inuwarta ta fito. Sai dai daga Gure zuwa Yamai ya fi kilomita 1,000. Magidanci mai gonar rani a kwari, ko mai haƙar kanwa, ba zai bar iyali ya tafi can koyon algaita ba. A ganina abin da ya dace shi ne a biya gwanayen da ke raye a yankin ladan koyarwa, su zauna da manya biyar ko goma bayan an kawar da amfanin gona, a ɗauki darussan a waya a adana. Gemu ba ya hana ilimi, amma nisa da kunya suna hanawa, kuma kunyar ta fi sauƙi in mutum ya ga sa'o'insa a gefensa.

A wasu ƙasashe ma manya suna koyo a ƙungiya. A Kinshasa wani matuƙin jirgin sama, Armand Diangienda, ya rasa aikinsa, sai ya kafa ƙungiyar kiɗan Turawa irin mai goge da sarewa da ƙaho a 1994. Yawancin waɗanda suka shigo manya ne da ba su taɓa riƙe gogen Bature ba: masu sayar da kaya a kasuwa, masu gyaran lantarki, masu aski. Kayan kiɗan sun yi kaɗan, sai aka riƙa karɓa-karɓa, kowa da lokacinsa. In tsirkiya ta tsinke, wayar birkin keke ake ɗaurawa. Da tafiya ta yi tafiya suka kai wajen mutum 200, makaɗa da mawaƙa, kuma an yi fim a kansu a 2010.

A Amurka, wani malamin kiɗa mai suna Roy Ernst ya buɗe ƙungiyar busa a birnin Rochester a 1991, musamman don waɗanda suka haura shekara 50, ko da ba su taɓa karanta rubutun kiɗa ba. Tsarin, mai suna New Horizons, ya bazu a Amurka da Kanada. A tsibirin Tirinidad kuwa, gangar man fetur ake yankewa a bubbuge gindinta har kowane lungu ya ba da nasa sauti. Ƙungiya ɗaya takan kai mutum 100 a gasar Panorama da ake yi tun 1963, kuma da yawansu da ka suke haddace kiɗan, a filin unguwa, ta hanyar kallon hannun na kusa.

Masu bincike sun leƙa wannan lamari. A 2015 wasu malaman Jami'ar Oxford sun bi azuzuwan manya na tsawon wata bakwai, wasu na koyon waƙa, wasu sana'ar hannu, wasu rubutu. Ƴan ajin waƙa tun a watan farko suka shaƙu da juna. Sauran sun kamo su daga baya, amma waƙa ce ta fi saurin narkar da baƙunta. A Suwidin kuma, wani bincike na 2013 ya nuna cewa bugun zuciyar masu rera waƙa tare yakan riƙa hawa da sauka a lokaci guda, saboda baitin yana tilasta musu shaƙa da fitar da numfashi tare.

A arewa da mu, wajen Buzaye, imzad goge ne mai tsirkiya ɗaya wanda mata kaɗai ke gogawa, maza su yi waƙa a kai. Shi ma ya kusa ɓacewa, tsofaffi ƙalilan suka rage. A Tamanrasat ta Aljeriya aka kafa ƙungiyar ceto shi a 2003, aka zaunar da tsofaffin suna koya wa mata a rukuni, har da yadda ake haɗa shi daga ƙwarya da fata da gashin doki. A 2013 UNESCO ta sa imzad cikin gadon al'adun duniya da sunan Aljeriya da Mali da Nijar. Tende kuwa turmin daka ne: a ɗaure bakinsa da fatar akuya, a riƙa jiƙa ta da ruwa, mata su kewaye da tafi da amshi, in an tashi a kwance fatar a mayar da shi wajen hatsi.

A Yamai akwai Tal National, wadda wani makaɗi da ake kira Almeida ya kafa a 2000. Ya kasance alƙali a kotu da rana, mai jita da dare. Ya tara Zabarmawa da Hausawa da Fulani da Buzaye, kuma yawansu ya kai in an gayyace su biki biyu a dare ɗaya, sai su rabu gida biyu, kowane ɓangare ya tafi da sunan ƙungiyar ya yi wasa na sa'o'i.