Ƙasa ta motsa a Kwoi, tukunyar nukiliya na Samaru: ina abin tsoron yake?

A watan Satumba na 2016 ƙasa ta yi ta motsi a Kwoi, hedikwatar ƙaramar hukumar Jaba a kudancin jihar Kaduna. Bangaye suka tsattsage, mutane suka fice daga ɗakuna. Bayan shekara biyu, cikin Satumba kuma, aka sake jin irin wannan a Mpape da kewayenta a Abuja. Tun daga nan maganar da muka tashi da ita, cewa ba a girgizar ƙasa a Najeriya, ta ɗan yi rauni.

Ga mazaunin Katabu, kusa da Mararraban Jos, akwai wata tambaya da ke biyo baya. Babban titin da ya ratsa Mararraban Jos ya miƙe arewa, cikin kamar awa guda zai kai mutum Zariya, kuma a Samaru, a Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, akwai tukunyar nukiliya mai suna NIRR-1. Ita kaɗai ce a ƙasar nan, tana aiki tun 2004. Wanda ya ga hotunan Fukushima a talabijin yana da damar ya tambaya: in ƙasa ta girgiza da ƙarfi, mu ma abin da zai same mu ke nan? Amsar ba ta fitowa sai an fara gane abin da ya faru a Japan ɗin, don yawancinmu mun riƙe labarin a karkace.

Ranar 11 ga Maris na 2011, da ƙarfe 2:46 na rana, girgiza mai ƙarfin maki 9 ta auku a ƙarƙashin teku, gabas da Japan. A tashar Fukushima Daiichi tukwane uku ne ke aiki daga cikin shida. Na'urori suka ji girgizar, sandunan birki suka shige cikin tukwanen, aikin ya tsaya cikin daƙiƙu. Girgizar ta katse layukan lantarkin da ke shigowa tashar, amma janaretocin dizal suka tashi kamar yadda aka tsara. Zuwa wannan lokacin babu abin da ya ɓaci. Ɓarnar ta zo ne bayan kusan minti 50, da igiyar tsunami mai tsayin wajen mita 14 ta haure katangar da aka yi lissafinta kan abin da bai kai mita 6 ba, ta malale ɗakunan ƙasa inda aka ajiye janaretoci da akwatunan rarraba wuta.

To me ya sa tukunyar da aka riga aka kashe za ta damu da rashin lantarki? Nan ne gundarin maganar.

Tashar nukiliya ruwa take tafasawa, tururin ya juya injin da ke ba da wuta, kamar dai tashar gas ko ta kwal. Bambancin yana wajen tushen zafin. A cikin tukunyar akwai sandunan yuraniyom. In wani ɗan ƙanƙanin ɓarɓashi da ake kira niyutiron ya bugi ƙwayar zarrar yuraniyom, sai ta rabe biyu, ta saki zafi, ta kuma saki wasu niyutiron ɗin da za su je su fasa maƙwabta. Sandunan birki aikinsu su shanye waɗannan niyutiron, sarƙar ta yanke. Sai dai gutsattsarin da suka riga suka fashe ba sa jin birki. Ba su da natsuwa, suna ci gaba da rugujewa a kan lokacinsu, suna fitar da zafi. Uwargidan da ta janye itace daga murhu ta san harshen wuta ya mutu amma garwashi na nan, kuma in ta bar tukunya a kai babu ruwa, za ta ƙone. A daidai lokacin da aka kashe tukunyar nukiliya, wannan garwashin yana ba da kusan kashi 6 zuwa 7 cikin 100 na zafin da take bayarwa tana aiki, bayan 'yan awanni ya sauko wajen kashi 1. Kashi 1 kamar ba komai ba ne, har sai an tuna cewa tukunya ta biyu da ta uku a Fukushima kowacce tana ba da zafin megawat 2,381. Kashi 1 na wannan ya haura megawat 20, a cikin rufaffen ƙarfe, dare da rana. Dole famfo ya yi ta zagaya ruwa, famfo kuwa sai da lantarki.

Da wuta ta ɗauke gaba ɗaya, ruwan ya yi ta ƙafewa har sandunan suka fito fili. Bawon da ke lulluɓe da yuraniyom ɗin, na wani ƙarfe ne mai suna zikoniyom, in ya yi zafi ƙwarai yakan ƙwace iskar oksijin daga tururi ya bar haidurojin. Wannan haidurojin ce ta taru a saman gine-ginen ta yi bindiga a ranakun 12, 14 da 15 ga Maris. Abin da duniya ta gani a talabijin ke nan, mutane da dama suka ɗauka bam ɗin nukiliya ne ya tashi. Tashar lantarki ba za ta iya fashewa irin ta Hiroshima ba. Yuraniyom ɗinta ba a tace shi ya wuce kashi 5 cikin 100 ba, na bam kuwa wajen kashi 90 ake kai shi.

Akwai shaidar da ba a cika ambata ba. Tashar Onagawa ta fi Fukushima kusa da cibiyar girgizar, ta kuma fi ta shan jijjiga, amma an gina ta a kan tudu mai tsayin kusan mita 15. Ta tsira, har ɗaruruwan mutanen gari da ruwa ya cinye gidajensu suka fake a cikin harabarta. Kamfanin TEPCO mai Fukushima kuwa, tun 2008 lissafin ma'aikatansa ya nuna igiya mai mita 15.7 na iya zuwa, aka jingine maganar. Shi ya sa kwamitin da majalisar dokokin Japan ta kafa ya yanke a 2012 cewa bala'in na hannun ɗan Adam ne.

Sai batun abin da ya fita. Mutane kan haɗa abu biyu wuri guda. Akwai radiyeshin, wato hasken da ido ba ya gani, mai ratsa jiki, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙirji da shi a asibiti. Shi nisa da kauri na bango suna rage shi ƙwarai. Akwai kuma ƙurar da ke fitar da wannan hasken, wadda iska ke ɗauka, ruwan sama ya sauko da ita kan gona da ciyawa. Ita ce abin damuwar wanda ke nesa. Biyu daga cikinta suka fi muhimmanci. Aidin-131 rabinsa ke mutuwa duk kwana 8, don haka bayan wata uku kusan babu shi, amma kafin nan jiki yakan tara shi a ƙullutun wuya, wanda in ya kumbura muke cewa maƙoƙo. A Chernobyl, a 1986, shanu suka ci ciyawa, yara suka sha madara ba a hana su ba, daga baya aka samu dubban masu ciwon dajin wannan ƙullutu. Japan ta dakatar da madara da ganyayen yankin da wuri, ta kauce wa wannan. Siziyom-137 shi ne mai naci, sai shekara 30 rabinsa ke tafiya. Saboda shi aka yi shekaru ana kankare saman ƙasar gonaki ana zubawa a buhuna.

Ana auna abin da jiki ya sha da ma'aunin milisibat. Kowane ɗan Adam, ko bai taɓa jin sunan nukiliya ba, yana shan matsakaicin 2.4 a shekara daga duwatsu, ƙasa, abinci da sararin sama. Hoton ƙirji ɗaya wajen 0.1 ne. Sai an kai kusan 100 kafin likitoci su iya ganin ƙaruwar ciwon daji a fili cikin jama'a. Kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNSCEAR, ya ce bai samu wata cuta a cikin mazauna Fukushima da za a danganta kai tsaye ga radiyeshin ba. Tsunami ta kashe ko ta ɓatar da mutum sama da 18,000. Kwashe jama'a fiye da 150,000 daga gidajensu, cikinsu har da tsofaffi da marasa lafiya da aka ɗauko daga gadon asibiti cikin gaggawa, da zaman gudun hijirar da ya biyo baya, ya jawo mutuwar sama da 2,000 a lardin Fukushima. Wannan ba ya nufin haɗarin wasa ne. Garuruwa sun zama kufai, kuma aikin kwance tashar zai ci shekaru gommai. Amma firgici da ruɗani sun fi hasken kansa kisa.

Firgicin ma bai tsaya a Japan ba. A China, mako guda bayan girgizar, jama'a suka wawashe gishiri a kantuna, wai mai aidin ne zai kare su. Aidin ɗin da ke cikin gishirin girki bai kai ko kusa da abin da ake buƙata ba. Gishirin zai illata mutum tun kafin ya kai ga kariyar. Ba mu da bakin yi musu dariya. A watan Agusta na 2014, lokacin Ebola, mu ma an tashe mu da asuba ta waya a ce mu yi wanka da ruwan gishiri mu sha, har aka rasa rayuka. Jita-jita takan yi ƙarfi ne inda hukuma ta yi shiru ko ta yi ƙwauron gaskiya, kuma TEPCO sai da ta yi wata biyu kafin ta amsa cewa cikin tukwanen ya narke.

Mu dawo Samaru. NIRR-1 ƙirar China ce, ba ta ba da lantarki ko na ƙwan fitila ɗaya. Aikinta samar da niyutiron don gano sinadaran da ke cikin samfurin ƙasa, ma'adinai, abinci da ruwa, da kuma koyar da ɗalibai. Zafin da take bayarwa a iyakar ƙarfinta kilowat 34 ne, wato sai an tara irinta kusan 70,000 kafin a kamo tukunya ɗaya ta Fukushima. Cibiyarta ba ta kai taƙi biyu a faɗi ba, tana nutse a ƙasan tafkin ruwa mai zurfi. Ba ta dogara da famfo don sanyaya: ruwan da ya ɗumama ya taso sama, mai sanyi ya maye gurbinsa. An kuma tsara ta yadda in ruwan ya yi zafi, aikin fasa zarra na raguwa da kansa. Garwashin da za ta bari bayan an kashe ta, ruwan tafkin zai shanye shi ko da babu lantarki sam. Damuwar da duniya ta taɓa yi da ita ta sata ce, saboda asalin yuraniyom ɗinta, wajen kilo guda, an tace shi zuwa kashi 90. A 2018 aka musanya shi da mai kashi 13, aka mayar da tsohon China a ƙarshen shekarar.

Ita ƙasar ma ba ɗaya ba ce. Japan na zaune a inda manyan faifan ɓawon duniya ke gugar juna, ɗaya na nutsewa ƙarƙashin ɗaya. Najeriya na tsakiyar faifan Afirka, nesa da gefe. Motsin Kwoi bai wuce wajen maki 3 ba, kuma ma'aunin ba a jere yake hawa ba: kowane maki guda ninki 32 ne na ƙarfi, don haka tsakanin 3 da 9 akwai ninki biliyan ɗaya. Duk da haka Afirka ta Yamma ba ta da takardar kariya. Accra ta sha mummunar girgiza a 1939, ta Gini a Disambar 1983 ta kashe ɗaruruwa. Aikin Cibiyar Nazarin Motsin Ƙasa da ke Toro a jihar Bauchi ba na ado ba ne.

A ganina, in ana neman inda radiyeshin ya fi kusa da Bahaushe, ba a jami'a yake ba. Yana Arlit da Akokan a arewacin Nijar, inda aka haƙi yuraniyom tun farkon shekarun 1970 don tashoshin Faransa. Mahaƙar COMINAK da ke Akokan ta rufe a Maris na 2021 ta bar tsibin dusar ma'adini wajen tan miliyan 20. A 2009 ƙungiyar Greenpeace da ɗakin gwaji na CRIIRAD sun ce sun auna wurare a titunan Akokan da suka ninka abin da aka saba sau ɗaruruwa, sun kuma ga ƙarafan da suka fito daga mahaƙa ana sayarwa a kasuwa. Yana kuma kan ɗaya hanyar da ta rabu daga Mararraba ta nufi Jos, inda tsohuwar dusar kuza ke ɗauke da ma'adinai masu fitar da radiyeshin, mutane na ɗiba suna gini. A waɗannan wuraren babu girgiza, babu fashewa, babu kyamara, sai sha kaɗan-kaɗan na tsawon rayuwa. Sa ido a kan irin wannan a Najeriya yana wuyan hukumar kula da harkokin nukiliya, NNRA, wadda ta fara aiki a 2001.

Maganar za ta canza ranar da aka fara gina babbar tasha. An daɗe ana ambaton Geregu a jihar Kogi da Itu a Akwa Ibom, an kuma sa hannu kan yarjejeniya da kamfanin Rosatom na Rasha a 2017, ko da yake har yanzu a takarda abin yake. In ranar ta zo, za a yi ta muhawara kan girgizar ƙasa, ni kuwa tambayar da zan so a fara yi ita ce ta lantarki. Ƙa'idar da masana ke bi ita ce kada tukunya ɗaya ta wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin layin wutar ƙasa. Tukunyar zamani ta Rasha megawat 1,200 take bayarwa, layinmu kuwa da ƙyar yake rarraba 5,000, ga shi yana durƙushewa sau da dama a shekara. Tasha irin wannan tana buƙatar wuta daga waje don sanyaya kanta duk lokacin da ta tsaya, in babu sai janareta, sai dizal, sai wanda zai tabbatar dizal ɗin na cikin tanki ba a takardar ofis ba. A Oktoban 2024, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Mando, yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu. Tukunya ta ɗaya a Fukushima awanni kaɗan ta yi babu sanyaya kafin cikinta ya fara narkewa.