Sumba a Littafin Soyayya: Wa Ke Tsaye a Bakin Zaure?

Duk mai rubuta labarin soyayya da Hausa, komai daren daɗewa, sai ya iso shafin da hannunsa zai tsaya. Ya haɗa saurayi da budurwa, dangi sun shiga tsakani, an sha wuya an ɗaura aure, 'yan rakiyar amarya sun watse, abokan ango sun yi sayen baki sun tafi, ga su su biyu a ɗaki. To, daga nan fa? Wasu sai su ce "asuba ta gari", washegari mu tarar da amarya tana share tsakar gida. Wasu kuma, musamman masu rubutu a waya, sai su saki linzami gaba ɗaya, har mai karatu ya rasa inda zai sa idonsa.

Ni malamar Hausa ce a wata sakandaren 'yan mata a yankinmu na Madobi. Tsofaffin ɗalibaina, waɗanda yanzu wasu na gidajen mazajensu wasu na manyan makarantu a Kano, sun san ni da karatun littattafan nan, don haka wayata ba ta rabo da labaran da ake turo mini in duba. Babin da na fi mayarwa shi ne na sumba. Hukuncin rubuta ta a shari'a na bar wa malaman fiƙihu, ba fannina ba ne. Ni abin da ke sa in mayar da babin shi ne yawanci ƙarya ce a cikinsa, irin ƙaryar da mai karatu ke ganewa ko da bai san sunanta ba.

Wata ta turo mini labarin da ta kafa a Kura. Saurayin ɗan mai injin casar shinkafa ne, budurwar kuma babanta na noman tumatir a Kadawa. Babi tara komai na tafiya daidai, har ƙaiƙayin buntun shinkafa kana ji a wuyanka. A babi na goma sai ga su a gefen wani tafkin wanka na otel, ana yayyafi, ya jawo ta jikinsa ya sumbace ta, "duniya ta tsaya cak". Na kira ta.

"'Yata, wane otel ne wannan a Kura? Kuma wa ya bar ta ta fita da daddare?"

Ta yi dariya ta ce, "Anti, ai haka kowa ke rubutawa."

Gaskiyarta, haka ake rubutawa, kuma nan matsalar take. Wurin na aro ne, yayyafin na aro ne, har bugun zuciyar na aro ne. A garuruwanmu budurwa ba ta taɓa zama ita kaɗai da saurayinta. Zance a zaure ake yi ko a ƙofar gida, an shimfiɗa tabarma, an ajiye ruwa a jug, ƙaninta na kai-komo wai neman takalminsa yake, tsohuwa na tari daga ciki in hira ta yi tsawo, maƙwabci na wucewa da fitilarsa yana sallama da ƙarfi don a san ya gani. Marubuciyar da ta kwashe waɗannan mutane daga shafinta don ta samu damar sumba, ta zubar da abin da zai sa sumbar ta yi nauyi. Idan ba wanda zai gani, ba aure da zai iya fasuwa, ba uwar da za a yi wa gori a gidan suna, to me ya sa ni mai karatu gabana zai faɗi?

Magabatanmu a wannan fanni sun san haka. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1980, ƙarfinsa a kan tsayuwar Boɗaɗo ne a gaban danginta saboda wanda take so. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, ka tambayi duk wanda ya karanta shi, rijiyar da Sumayya ta faɗa zai fara tuna maka. A littattafan wancan zamani wasiƙa ce ke ɗauke da mafi yawan abin da jiki zai ɗauka: wa zai kai ta, a ina za a ɓoye ta, me zai faru in ta faɗa hannun yaya. Mu da muka yi hayar littattafan nan muna karantawa a ƙarƙashin tebur mun san yadda takarda ɗaya ke hana mutum barci. Da Bilkisu Ahmed Funtuwa, Anti Bilki, ta zo da irin su Allura Cikin Ruwa da Ki Yarda Da Ni, sai ta matsa da labarin zuwa cikin ɗakin aure: kwalliya, turare, girki, kalaman da mace ke tarbar mijinta da su. An yi ta suka, an kuma yi ta saye.

Kada kuma a ce mini Bahaushe bai san taɓa juna ba sai da fim ya koya masa. A littafin Baba of Karo, tarihin wata tsohuwa daga ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, akwai zancen tsarance, al'adar da samari da 'yan mata ke kwana wuri ɗaya bisa wata iyaka da kowa ya sani. Malamai sun yaƙe ta, ta kau, kuma ba kewarta nake ba. Na kawo ta ne don a san kunyar da muke gani a rubutu ba rashin sani ba ce. Zaɓi ne na abin da ake faɗa a bainar jama'a da abin da ake bari a bayan labule, a al'ummar da har yau mace da yawa ba ta kiran sunan mijinta.

Sai kuma hukuma ta shigo. Tun a shekarun 1990 Ibrahim Malumfashi ya raɗa wa littattafan suna Adabin Kasuwar Kano yana ganin ba za su yi ƙarko ba, Abdalla Uba Adamu kuma ya tsaya musu, aka yi ta fafatawa a jaridu. Wannan muhawarar masana ce. A 2001 aka kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano. A 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, shirin A Daidaita Sahu ya ƙona littattafan da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata, a shekara mai bi kuma hukumar tacewa, ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim, ta nemi marubuta su yi rajista. A ɓangaren fim dokar ta fi tsauri, namiji da mace ba sa taɓa juna a Kannywood. A 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda rungumar mawaƙi ClassiQ a bidiyon wata waƙa. A matsayina na malama ban taɓa ganin ƙona littafi ya hana yarinya karatu ba, sai dai ya koya mata ɓoyo. Abin da wuta ba ta cinye ba kuwa waya ta zo ta buɗe masa ƙofa. Yau labari na fita ne babi-babi a Wattpad da ArewaBooks da zaurukan WhatsApp, shafukan farko kyauta, sauran sai an tura kuɗi, kuma kowa ya san irin babin da ake ajiyewa daidai kan iyakar biya. Mai tacewa ba ya isa can.

Ba mu kaɗai muka taɓa rubutu a ƙarƙashin ƙa'ida ba. Finafinan Indiya da iyayenmu suka kalla a silimomin Kano sun shafe shekaru suna kauce wa sumba: fuskoki na matsowa kusa, sai kyamara ta juya kan furanni biyu, ko a ɓarke da waƙa. A Amurka ma, daga 1934 aka tsaurara wata ƙa'ida da ta hana doguwar sumba a fim, har aka saba da cewa kada ta wuce daƙiƙa uku. Da Alfred Hitchcock ya zo shirya Notorious a 1946, sai ya sa Cary Grant da Ingrid Bergman suna yi suna katsewa, suna zancen abincin dare, shi yana buga waya, har abin ya haura minti biyu ba a karya doka ba. Masana fim har yau suna ambaton wannan fitowa, kuma katsewar ce ta ba ta daɗi. Mu kuwa masu katse mana zance a gida muke da su, kyauta, sai mu kore su mu tafi otel.

Nan yankin kowa ya san ban ruwa. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 ruwa ke bin kanal zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, kuma manomin rani zai gaya maka ba yawan ruwa ke yin tumatir ba. Fangali-fangali ake buɗewa, a toshe, a koma na gaba. Wanda ya saki ruwa duka a kan dashe, saiwa ce za ta ruɓe. Haka nake gaya wa masu turo mini rubutu. Ga yadda na gwada wa waccan 'yar Kura, na ce ta dawo da su gida, bayan aure, a gidan gandu inda ɗakin uwar miji ke jingine da nasu:

Ya dawo daga ban ruwan alkama bayan isha'i, sanyin hunturu ya busar masa da leɓe, taɓo har gwiwa. Satinta ɗaya a gidan. Ta ajiye masa ruwan zafi a bokiti ta koma bakin gado, kanta a ƙasa. Da ya fito sai ta miƙa masa man shafawa, shi kuma maimakon kwalbar sai ya riƙe hannun. Lallen biki bai gama fita ba. Ya duba tafin kamar mai karatu, ya kai shi bakinsa. Ta ce, "Inna fa ba ta yi barci ba," amma ba ta janye ba. Daga bayan bango aka ji ƙarar buta. Shi ne ya fara sakin dariya a hankali, ita kuma ta toshe masa baki da hannun da ya sumbata.

Ba wata gwaninta a ciki, amma dubi abin da ya samu shiga. Mun san sana'arsa da lokacin shekara. Mun san auren sabo ne daga lalle. Mun ga bakinta ya ce a'a hannunta ya ce i, kuma mun san ita ta zaɓa. Uwar miji na nan ba tare da ta fito ba. Sumbar kanta rabin jimla ce. Ba a lissafa leɓe da harshe da numfashi ba, don mai karatu baligi ne, ya fi marubuciya sanin sauran, kuma abin da ya cike da kansa ya fi zama a ransa.

Abin da yawanci ake mantawa shi ne washegari. Idan aka yi sumba a babi na goma, sai kuma a na sha ɗaya mutanen nan suna magana kamar yadda suke yi a na tara, to cire ta, ba ta yi aikin komai ba. Ya kamata wani abu ya sauya. Ko ta kasa haɗa ido da shi a gaban ƙannensa, ko ta fara zuba masa abinci da wata irin gadara da ba ta da ita jiya, ko facalarta ta lura ta yi mata shaƙiyanci a wajen daka. In kuwa kafin aure marubuciya ta sa abin ya faru, ba zan ce ba ya faruwa a duniya ba, amma sai ta biya kuɗinsa a cikin labarin: tsoro, nadama ko taurin kai, da sanin cewa a garinmu yarinyar ce za ta ɗauki kaso mafi tsoka na abin da zai biyo baya, saurayin ya kaɗe rigarsa. Balaraba Ramat Yakubu ta gina Alhaki Kuykuyo Ne kan irin wannan lissafi na wa ke biya, har a Indiya aka buga fassararsa ta Turanci a 2012.

Ina kuma ce musu su karanta babin da ƙarfi kafin su sake shi. Littafin Hausa ba a ɗaki kaɗai ake karanta shi ba. Gidajen rediyo sun daɗe suna karanta shi, yanzu ga masu karantawa a YouTube. Shiga gidan da ake turara shinkafa a Kura da hantsi, za ka tarar da waya a kan turmi tana zuba labari, mata na aiki, yara na wasa a gefe. Jimlar da za ta sa a yi wuf a rage murya, sau da yawa ba don ta yi zafi ba ne, don ta yi muni ne a kunne.

Akwai iri ɗaya da ba na ma tsayawa gyara shi. Shi ne na attajirin nan mai girman kai da aka aura wa yarinya ba ta so, ya matse ta a bango ya sumbace ta da ƙarfi tana kuka tana ture shi, sai marubuciya ta ce wai a nan ne "jikinta ya mutu", bayan babi uku kuma ta kamu da sonsa. Wannan salo ya cika waya, kuma yana da kasuwa. Marubutan da suka buɗe mana wannan hanya, mata da maza, auren dole suka fito yaƙa. Wasunsu su kansu an cire su daga makaranta an aurar suna ƙanana. Jikokinsu a rubutu kuma sun ɗauki tilas sun shafa mata turare suna sayarwa a matsayin soyayya, ga masu karatun da wasunsu a cikin irin wannan auren suke zaune. Idan aka turo mini irinsa, nakan ce wa marubuciyar ta sake rubuta shafin daga cikin kan yarinyar, da ƙamshin bakin mutumin da ba ta so da zafin bangon a bayanta, sannan ta gaya mini ko har yanzu labarin soyayya take rubutawa. Wasu sukan sake. Wasu kuma ba su ƙara turo mini komai ba, na ga littafin ya fita yadda yake.